Ƙyauren Madatsar Dalma

Da sunan Mai sama da ƙasa nake buɗe baki, wanda ya raba wa kowane bawa hanyarsa ya ɓoye masa ƙarshenta. Ni ne Nomau ɗan Cindo, mai tufkar igiya, wanda ƙafa ta kai shi inda ba a taɓa jin sunan garinsu ba. Abin da zan faɗa muku ba labari aka ba ni ba, a cikinsa nake, kuma har yau in na ji cidar hadari daga nesa sai tafin hannuna ya ɗau zafi.

Neman sanin igiya ne ya fitar da ni daga gida. Na zauna da masu tufkar rama, na zauna da masu tufkar fata, na ƙetare hamadar da yashinta baƙi ne wuluk, na bi ta garuruwan da aka sassaƙa a jikin duwatsu, har na sauka ƙasar Garmaza, inda sama take kusa da ƙasa ainun, mutum yakan tsinci kansa yana tafiya a sunkuye bai san dalili ba.

A gindin wani tsauni da suke kira Dutsen Maƙera na iske taron maza sun kewaye wani ƙyaure. Ban taɓa ganin irinsa ba. Da katakon ƙirya aka yi shi, aka lulluɓe shi da baƙin ƙarfe, faɗinsa ya kai tsakar gidan mai wadata. Yana kwance bisa gumaguman rimi, an ɗaura masa igiyoyi a goshi. Wani dattijo mai ƙaho rataye a wuya ya ga ina shafa ƙullin, ya kira ni.

"Baƙo, hannunka na mai igiya ne. Aiki kake nema?"

Na ce, "Shi nake nema, Baba. Ina za a kai wannan?"

Sunansa Sodangi, shi ne shugaban aikin. Ya ce can gabas akwai gari a cikin kwari, ana ce masa Dalma. A saman garin akwai wani babban tafki da kakanninsu suka tare da ginin dutse, kuma a tsakiyar ginin akwai ƙofa guda mai ƙyauren itace, ta nan ake sakin ruwa gwargwadon buƙata. Tsohon ƙyauren ya ruɓe, ruwa yana tsattsafowa ta jikinsa. In damina ta sauka ba a sa sabo ba, tafkin zai sauko kan garin.

"Rabin mutanen nan 'yan Dalma ne," in ji shi, "rabi maƙeran dutsen nan. Ba sa cin abinci a akushi ɗaya. Amma igiya ɗaya za su kama."

Haka muka tashi. Ana jan ƙyauren ya mirgina bisa gumagumai, masu baya su ɗauko gungumen da ya fita su kawo shi gaba. A kan igiyar gaba akwai wani ƙaton mutumin Dalma mai suna Jatau, wanda ba ya dariya. A gefe kuma wata dattijuwa, Inna Ige, ita ke ba da waƙar ja, domin in ba da waƙa ba hannaye ba sa haɗuwa. Ni kuwa ina zagayawa ina duba igiyoyi, ina sake tufka wadda ta fara cin kanta.

Mun yi nisa lafiya, har muka kai wani gangare mai ƙasa fara kamar toka. Ƙasar nan holoƙo ce, in ka taka sai ta amsa kamar ganga. Muna tsakiyar sauka sai ƙasa ta lotsa ƙarƙashin gungume ɗaya, ƙyauren ya karkata. Baba Sodangi ya ruga ya ture mutum biyu da ke ƙarƙashi, gungumen ya bi ta kan ƙafarsa.

Da muka zaro shi bai yi kuka ba. Ya dubi ƙafar, ya dubi gabas. A ranar ne muka fara ganin hadari, baƙi ƙirin, ya tsaya a bakin sama, alhali da sauran lokaci kafin damina.

Ya cire ƙahon daga wuyansa ya miƙo mini.

Na ce, "Baba, ni baƙo ne. Ko hanyar ban sani ba."

"Shi ya sa," in ji shi. "In na ba ɗan Dalma, maƙera su koma gida. In na ba maƙeri, Jatau ya ajiye igiya. Kai ba ka da kowa a nan. Karɓi."

Na karɓa. Jatau ya tofar da yawu. Muka shimfiɗa wa Baba Sodangi tabarma a kan ƙyauren, muka yi masa rumfa da ganye. Kafin washegari zazzaɓi ya rufe shi, in ka yi masa magana sai ya kira ka da sunan wani. Na rasa wanda zan tambaya.

Daga gangaren hanya ta shiga wani kurmi mai dogayen itatuwa, jikinsu sumul, kowace da kogo kamar buɗaɗɗen baki. Babu tsuntsu, babu ƙwaro. Inna Ige ta matso kusa da ni ta ce, "Ɗana, wannan shi ne Kurmin Maimaici. Duk abin da aka faɗa a nan, ko da raɗa ne, itatuwa suna riƙe shi, su maimaita da muryar mai shi. Ka gaya musu kowa ya kama bakinsa."

Na gaya musu. Amma mutanen da tsoro ya cika wa ciki ba sa iya shiru. Da muka tsaya hutun azahar na gan su biyu-biyu, kai a haɗe. Wajen la'asar, muna cikin ja, sai wata itaciya a damanmu ta yi magana da muryar wani maƙeri:

"Garinsu ne, ba namu ba. Mu ajiye mu koma."

Wata daga hagu ta amsa da muryar ɗan Dalma: "Da gangan maƙeran nan suke sassauta hannu."

Sannan daga gaba, daga baya, daga sama, muryoyi suka yi ta zubowa. Wannan ya ce abinci ba zai kai ba. Wancan ya ce tsohon ya riga ya mutu ana ɓoyewa. Can sai muryar Jatau, a hankali, sarai: "Baƙon nan bai san inda yake kai mu ba. In ruwa ya ci Dalma, kaɗe rigarsa zai yi ya wuce."

Igiyoyi suka faɗi ƙasa. Na ga wani ya ɗauki gatari, na ga maƙera sun ja gefe guda sun haɗa kafaɗa. Ƙyauren ya tsaya cik a tsakiyar kurmin, duhun ganye ya rufe mu, itatuwa suna ta maimaita maganganun nan, kowace tana karɓa daga bakin 'yar'uwarta.

Raina ya ce in busa ƙaho in yi musu tsawa, in ce na san hanya, in ce za mu isa a kan lokaci. Amma na san da na faɗa, itatuwan za su riƙe ƙaryar su yi ta jefo mini ita. Sai na hau kan ƙyauren, na tsaya kusa da kan Baba Sodangi, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Abin da Jatau ya faɗa, rabinsa gaskiya ne. Ban san hanya ba. Inna Ige ce ta sani, ita nake bi. Ban san ko za mu riga ruwa isa ba, kuma duk wanda ya ce muku ya sani, bai sani ba. Abin da na sani shi ne wannan: Baba Sodangi yana da rai, ga shi, kowa ya zo ya taɓa shi. Hatsi ya ragu, a kwance buhunan a gaban kowa a gani. Igiyoyin nan kuwa ni nake duba su ina sake tufka su, ba za su tsinke a hannunku ba. Yanzu duk mai magana ya faɗe ta da ƙarfi, da bakinsa, kafin itace ya faɗa masa."

Sannan wani tsohon maƙeri ya ce shi ne ya ce a koma, domin ya bar matarsa ba lafiya. Wani ɗan Dalma ya ce ba ya barci, da ya rufe ido sai ya ga ruwa a ɗakin 'ya'yansa. Ɗaya bayan ɗaya suka yi ta faɗa, wasu da faɗa, wasu kai a ƙasa. Na lura da wani abu: maganar da aka faɗa a fili, ko itatuwa sun maimaita ta, ba mai waiwayawa, domin kowa ya riga ya ji.

Jatau ya ce, "Ni ban janye tawa ba."

Na ce, "Ban ce ka janye ba. Ka riƙe ta, ka riƙe igiya."

Inna Ige ta gyara murya ta ɗauko waƙar ja. Itatuwan suka karɓa. Kafin ta kai ƙarshen baiti, kurmin gaba ɗaya yana amshi da muryarta, kamar mata dubu suna waƙa a bayanmu. Ban taɓa jin abu mai ban tsoro da ƙara ƙarfi irin wannan ba. Maza suka sunkuya suka ɗauki igiya, muka ja ƙyauren muka fita daga kurmin da sauran hasken rana.

Bayan kurmin hadarin ya matso. Kullum da safe sai mu iske ya ƙara cin sama, cida tana gurnani a bayan duwatsu, amma ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Na mayar da shi al'ada, kafin a kama igiya in tsaya in faɗa musu abin da na sani da abin da ban sani ba, ko da abin da ban sani ba ya fi yawa.

Ana nan muka iso bakin wani busasshen kogi. Inna Ige ta ce shi ne yake gangarowa daga Dalma, kuma da rani ko akuya ba ta samun abin sha a cikinsa. Amma mu mun iske shi da ruwa, ja kamar jini, ya kai ƙugu, yana tafiya a hankali. A kansa abubuwa suna yawo: ƙwarya, faifai, jinkar ɗaki, mushen kaza. Mutanen Dalma suka jeru a gaɓa ba mai motsi.

Sai ga wani turmi yana juyawa. Jatau ya faɗa ruwan ya rungumo shi, ya fito da shi, ya juya gindinsa. Akwai wani ɗaurin fata a inda ya tsage.

"Na mahaifiyata ne," in ji shi. "Ni na ɗaure shi."

Nan take 'yan Dalma suka fara tattara kayansu. Maƙera kuma suka ce in madatsar ta riga ta fashe, me ya rage a kai wa ƙyaure? Duk suka juyo suna kallona.

Na ce, "Ban san abin da ya faru ba. Wataƙila madatsar ta tafi gaba ɗaya. Wataƙila gefen tsohon ƙyauren ne ya ɓalle, sauran yana riƙe. Ruwan nan bai yi yawan da zan ce tafkin ne duka ba, amma wannan zato ne, ba sani ba."

Jatau ya ce, "Ko ka busa ƙahon nan har ya fashe, tafiya zan yi."

"Tafiya za ka yi," na ce, "amma ba gudu ba, aike. Ka ɗebi masu ƙananan 'ya'ya da masu saurin ƙafa. Ku bi ta tudu, kada ku bi kogi. Duk wanda kuka samu da rai a ƙasan gari, ku hau da shi kan dutse, ko yana so ko ba ya so. Kai ne shugabansu."

Ya dube ni kamar yana neman inda na ɓoye tarko. Sannan ya ajiye turmin a hankali a gindin wata itaciya, ya kira mutanensa, suka tafi.

Muka rage kaɗan: maƙera, da tsofaffin Dalma, da Inna Ige, da marar lafiya. Muka gwada ja, ƙyauren ko motsi bai yi ba. Na zauna a bakin ruwa ina kallon gumaguman rimin da muka sha wahalar ɗauka, sai na tuna da rimi ake sassaƙa kwalekwale. Muka ɗaure gumaguman wuri guda da duk igiyar da za mu iya rabuwa da ita, muka tura ƙyauren a kai. Ya nutse har ruwa ya shafi ƙarfen, sannan ya tsaya, yana yawo. Abin da ya gagari taron maza a ƙasa, sai ga shi mutum kaɗan suna jan sa daga gaɓa.

Amma kogin ta cikin wani kwazazzabo ya ratsa, mai bango biyu na dutse, sama ta zama siririya kamar zare. Na tara su a bakinsa.

"In sauran madatsar ta ɓalle muna ciki, ruwan ta nan zai biyo. Ba zan ɓoye muku ba. Ku maƙera, ba garinku ba ne, wanda ya juya daga nan ba zan ga laifinsa ba, kuma ba wanda zai ambace shi."

Tsohon maƙerin nan da ya fara magana a kurmi ya ce, "Malam Nomau, in muka shiga, me zai gaya mana ruwa na zuwa?"

Inna Ige ta nuna bangon. A jikinsa akwai wasu tsuntsaye masu launin dutse, sun lafe ba sa motsi, sai ka rantse duwatsu ne. Ta ce ba sa tashi don mutum, ba sa tashi don tsawa, sai in sun ji babban ruwa a jikin dutsen.

Na ce, "To ga yarjejeniya. Da sun tashi, zan busa ƙaho. Da kun ji, kowa ya saki igiya ya hau. Ba wanda zai tsaya don ƙyaure, har ni."

Mutum kaɗan suka juya, muka yi sallama da su hannu da hannu. Baba Sodangi muka sa aka ɗauke shi a gadon kara ta hanyar sama. Sauran muka shiga.

A cikin kwazazzabon nan Inna Ige ba ta ɗaga murya ba, a hankali take waƙar, mu ma a hankali muke amsawa, kowa ido ɗaya a igiya ɗaya a bango. Ruwan yana da sanyin da ke shiga ƙashi. Ina tafe ina lura da duk inda dutse ya tsage yadda mutum zai iya hawa, ina nuna musu. Mun wuce rabi, har mun fara hango hasken ƙarshen, sai na ji wani sauti kamar an yaga babban zane. Na ɗaga kai. Bangon duka ya tashi sama, tsuntsaye sun rufe ɗan hasken da ya rage.

Na busa ƙaho.

Wasu suka saki. Amma maƙeran da suka ƙera ƙyauren da hannunsu suka fara naɗa igiya a jikin wani dutse. Na fizge ta daga hannun tsohon maƙerin na ce, "Baba, mun yi magana." Ya dube ni, ya dubi ƙyauren, ya saki. Na goya Inna Ige, muka kama tsagin dutse, farce yana ɓallewa, gwiwa tana zubar da jini. Iska ta riga ruwan isowa, mai warin laka. Sannan ruwan ya zo, baƙi, da itatuwa a tsaye a cikinsa, ya wuce ƙarƙashin ƙafafunmu har dutsen yana rawa.

Da muka kai sama na bi su ɗaya-ɗaya ina kiran suna. Kowa ya amsa. Sannan muka leƙa ƙasa. Gumagumai sun tarwatse sun tafi. Ƙyauren ba ya nan.

Washegari ruwa ya ja baya, muka hango shi can ƙasa, ya kafe a tsakanin duwatsu biyu, laka ta binne rabinsa. Ba gungume, ba isassun hannaye, igiya sai guntaye. A safiyar nan Baba Sodangi ya cika, bai farfaɗo ya san abin da ya faru ba. Muka yi masa sutura a kan tudu. Da muka gama suka zauna kewaye da ni, suna jiran abin da na saba faɗa musu kowace safiya.

Na ce, "Ban san ko akwai sauran Dalma ba. Ban san ko za mu iya ɗaga shi ba. Abin da na sani, akwai rama a bakin tudun nan, kuma na iya tufka. Wanda zai iya, ya taya ni."

Muka yanko rama muka jiƙa, muka zauna muna tufka. Hadari yana bisa kanmu, har yanzu bai zubo ba.

Rana ta take tsaka sai Inna Ige ta miƙe tana kallon gabas. Mutane ne suke gangarowa ta hanyar tudu, da yawa, maza da mata, wasu da goyo, wasu ɗauke da azara da ginshiƙan ɗakunan da suka rushe. Jatau yana gaba. Ya rame, laka ta bushe a gemunsa.

Ya ce gefen tsohon ƙyauren ne ya fara ɓallewa, ya ci gidajen bakin kogi. Sun isa sun kwashe mutane zuwa kan dutse kafin sauran ya tafi. Ƙasan gari ya tafi duka, amma ginin madatsar yana tsaye, ƙofar ce kawai a buɗe. In aka sa ƙyaure kafin ruwan sama ya sauka, tafkin zai sake taruwa, za su yi noma. In ba a sa ba, ba mai iya zama a kwarin.

Na ce, "Mahaifiyarka fa?"

"Ruwan farko ne ya ɗauke ta. Mun same ta, mun binne ta."

Na yi masa ta'aziyya, ya amsa. Ya leƙa ƙasa ya daɗe yana kallon ƙyauren a cikin laka. Sannan ya sunkuya ya ɗauki bakin sabuwar igiyar da muke tufkawa, ya naɗa ta a hannunsa, ya ja ya ji ƙarfinta.

"Shugaba," in ji shi, "ta ina za mu fara?"

Mun ɗaga ƙyauren, mun mirgina shi bisa azara da ginshiƙan nan har mun kai shi, mun kafa shi a ƙofar madatsar ana yayyafi, ruwa yana gangarowa a fuskokinmu. Nan na tsaya, nan labarin ya tsaya. Wanda ya saurara, Allah ya sa ya kwana cikin nasa.